Jirgin Yadi a Cikin Kwantena

Ina shekara ta biyu a wani ofishin fiton kaya a unguwar Port Saeed, a ƙasar Larabawa, manajanmu ya ajiye mini fayil ya ce jirgin sama ne ya iso cikin kwantena. Na ɗauka kunnena ne.

Da aka buɗe ta a sito, sai ga gangar jiki mai launin ruwan ƙwai, da fukafukai a jingine gefe. Na danna ɗaya da yatsa, ya lotsa. Yadi ne aka ɗame kan katako, kamar fatar kalangu.

Mai kayan na tsaye a bayana, wani dattijon Balarabe, tsohon matuƙin jirgi.

Na ce, "Baba, wannan na wasa ne ko na gaske?"

Ya ce, "Na soja ne, habibi. Da shi aka koya wa samari tuƙi lokacin yaƙin duniya na biyu. Fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya."

Kalmar sojan nan ta jiƙa mini aiki. Fom ɗinmu yana da gurbin kayan yaƙi, da na jirgin sama, da na kayan tarihi. Duk wanda na nuna wa sai ya tura ni tebur na gaba. Wani ya tambayi ina bindigarsa, na ce ba a taɓa sa masa ba. Wani ya ce yana tashi? Na ce ban sani ba.

Dattijon ya ba ni tsohon littafin jirgin ko zai taimaka. Na tafi da shi ɗakinmu a Al Nahda, na ƙara rikicewa. Bayan yaƙi sojoji sun sayar wa wani manomi yana feshin gona da shi. Daga nan ya koma jawo ƙyallen talla a sama a bakin teku, sannan ya shekara da shekaru a rumbu, kaji na kwana a kujerarsa. A ƙarshe dai aka rubuta kayan tarihi a fom ɗin, ban san wanda ya yanke ba.

Da aka harhaɗa shi, dattijon ya gayyace ni gonarsa a Hatta. Na tarar da jirgin a ƙarƙashin rumfa, tsakanin itatuwan dabino.

Na ce, "Yaushe za ka tashe shi?"

Ya ce likita ya hana shi tashi tuntuni. Na buɗe baki in tambayi amfanin sayen, sai ya ce, "Yalla, hau."

Na shiga kujera ɗaya, ya shiga ɗayar. Ya yi ta magana ta cikin wani bututun roba da malami ke yi wa ɗalibi bayani da shi. Gunaguni kawai nake ji. Can sai sandar tuƙin da ke tsakanin gwiwoyina ta motsa da kanta, hagu, dama. Ashe haɗe take da tasa.

Na ɗaga murya na ce, "Baba, in riƙe ko in saki?"

Ya amsa ta bututun. Ban gane ba, na ji nauyin sake tambaya, sai na ɗora yatsu biyu a kanta har ya gaji ya ce mu sauka mu sha gahawa.