Abin da ya ɗaga rufin motar Baba

Har yau in aka tada zancen jar motar babana a Dakoro, sai wani ya ce ai wannan ta taɓa kifewa, aka gyara aka liƙa masa. Ba ta taɓa kifewa ba. Ni na san abin da ya same ta, kuma tunda kakata ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, yau zan faɗa.

Shekarun baya ne, ina lise, wato sakandare. Baba ɗan kasuwar hatsi ne, ba shi da rawar kai, amma ranar da amininsa ya kawo wata tsohuwar mota mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar kunkuru, sai ya koma yaro. Tare suka tashi da mutumin nan, tare suka fara kai gero Maraɗi, mu Kawu muke ce masa. Baba ya saya bai ko leƙa ƙarƙashinta ba. Rufinta murfi biyu ne da ake cirewa, ɗaya kan direba, ɗaya kan na gefe. Kowanne yana da hannu daga ciki, in an murɗa sai ƙarafa biyu su fito su shige ramukansu, gaba da baya.

Da farko lafiya lau. Daga baya murfin gefe ya ɗan ɗaga ta baya, iska na kuka ta wurin, ruwa na ɗiga. Mekanisiyen unguwarmu, mai gyaran mota, ya yanko kaucu, wato robar tsohuwar taya, ya cusa. Abin ya ƙaru. Ya ƙara kaucu.

Wata Alhamis muna dawowa daga Birnin Lalle, ni da Baba, hadari ya taso da iska. Na ji ƙara a kaina, na ɗaga ido na ga sama. Murfin ya buɗe baki yana rawa, ga mai babur a bayanmu da mace da goyo. Na cafke hannun murfin da hannu biyu na rataya. Haka muka shigo gari, kafaɗuna kamar za su cire.

Mekanisiye ya zagaya motar ya ce, "Alhaji, in murfi ya ƙi zama, jiki ne ya karkace. Motar ga ta sha ƙasa kahin ta zo hannunka."

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya ɗauka Kawu ya cuce shi. Da safe ya ce wa Inna, "Ana sallame Juma'a zan kai mishi abarshi ƙofar gida. Gaban mutane zai hwaɗa min abin da na yi mishi, da har zai ba ni abin da zai kashe min ɗiya."

Inna ta ce, "Alhaji, abotar tun ƙuruciya fa."

Ya ce, "Shi ya tuna da ita?"

Yana fita masallaci na nufi motar a tsakar gida. Ba abin da na sani na mota sai wanki, amma wankin ya sa na san da can murfin nan yana zama daidai. Motar da ta karkace tun kafin ta zo, me ya hana ta nunawa tun ranar farko?

Na cire murafan biyu na kifa su kan tabarma. Ba wanda ya lanƙwashe. Na tsinko zaren ɗinkin Inna na gwada bakin rufin, kusurwa zuwa kusurwa, nan da can. Daidai suke. Lasifikar masallaci ta fara huɗuba, ni kuwa zufa har cikin ido.

Na duba ramin baya na gefen da ke ɗagawa. Samansa duk sabon karce ne, wato ƙarfen ba ya shiga, bisa yake gogawa. Kenan wani abu ne ke tokare murfin daga ƙasa. Na fizge kaucun mekanisiye na watsar, na bi asalin kaucun motar da yatsa, sai na ji tudu a kusurwa. Da mai haƙuri ce da ta ɓanɓare a hankali. Ni wuƙar albasa na ɗauko, na yanka kaucun, na haɗa da yatsana.

Laya ce. Ƴar ƙarama, an ɗinke ta da jar fata, ta baje don matsi.

"Ke ja'ira, maida min abuna."

Kakata ce, mahaifiyar Baba, tsaye a bayana da sandarta. Kowa a gidan ya san Baba ba ya shiri da layu, ko a wuyan jariri ya gani sai ya sa an cire.

Na ce, "Iya, kin san abin da ɗanki zai yi yanzu saboda wannan?"

Ta ce, "Na san ya dawo da rai jiya. Wa kike jin ya riƙe ku?"

Na ce, "Ni na riƙe mu, Iya. Ga kafaɗuna."

Muna haka Baba ya yi sallama, makulli a hannu. Ya ga motarsa tsirara, ga wuƙa, ga jini.

"Wa ya ba ki izini?"

Na ce, "Baba, duba dai." Na ɗora murfin, na shiga na murɗa hannun. Ƙwas. Ya kwanta lif da jikin mota. Na buɗe tafina na nuna masa layar.

Iya ba ta jira tambaya ba. "Ni na sa, ran da kuka bar ta buɗe kuna shan iska. Mota ba gaba ba baya kamar makara, in zuba ido ka shiga haka nan?"

Baba ya dubi uwarsa, ya dubi motar. Sannan ya maida makulli aljihu ya ce, "Maganar ga kar ta fita gidan nan."

Na gane shi. Ba zai bari a yi dariyar uwarsa a tasha ba. Sai dai maganar mekanisiye ta riga ta zaga gari, Kawu ya ji har da abin da Baba ya yi niyya, ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Baba kuwa ba zai iya ba shi haƙuri ba tare da faɗin dalili ba, don haka ya zauna yana ramewa.

Ga masu son jin ƙarshe, Baba da Kawu sun shirya, yanzu haka ƙila suna can suna gardama kan shayi. Amma har yau in na tuna, abin da ke tsaya min shi ne gidanmu ya zaɓi a ci gaba da kiran mutumin kirki macuci, don dai kar a ji kunya. Ban iya wannan lissafin ba, kuma ban yi niyyar koya ba.

Na ba Baba ƴan kwanaki ko zai motsa. Bai motsa ba. Sai na yanke cewa gari ba zai ji ba, amma Kawu zai ji, daga bakina, da layar a hannu. In Baba zai yi faɗa, ya same ni na dawo. Na ɗauki mayafina.