Ruwan Jegona a Jikin Mota

Har yau in na ga yarinya ta buɗe famfo ta tsaya surutu ruwa na bin ƙasa, sai in ji raina ya ɓaci tun daga ƙirji. Jikokina na cewa na cika faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Oho dai. Ba su san ƙauyen da aka haife ni ba, ba su kuma san wana ba, Allah ya jiƙansa, ko da yake ni ban ga abin da ya tsinana a duniya ba.

Ƙauyenmu kan tudu yake, yamma da Bagudo, dab da iyakar Dahome. Mutanen bakin Kwara na kukan ambaliya, mu muna kukan ƙishi. Rijiya ɗaya gare mu, kuma da bazara ta kama sai dai ta riƙa tsattsafowa. Mace ta zauna tun asuba tana jira, ta zura guga ta fito da rabi, rabin ma laka.

Saboda haka a gidanmu ruwa ba ya aiki ɗaya a zubar. Inna ce ta kafa dokar. Ƙasarin da aka wanke gero da shi na awaki ne. Tukunya sai an murje ta da toka da yashi kafin ta ga ɗigon ruwa. Alwala a kan kasko ake yin ta, abin da ya taru a kai gindin zogale. Na taɓa watsar da ragowar ruwan sha a tsakar gida ina yarinya, kunnena bai manta ba.

A shekarun da ake ta kiɗan mulkin kai na samu cikin fari, na dawo gida goyon ciki, mijina kuwa yana can ci-rani. Inna ta ƙirga wata ta ga haihuwar tsakiyar bazara za ta faɗo. Mai jego a wurinmu wanka take yi da tafasasshen ruwa da ganye, safe da yamma, har arba'in. Mun yarda macen da ba ta gasu ba kumburi ke kama ta, wata ma ba ta tashi. Yanzu likitoci na faɗin wani abu daban, ban musa musu ba, amma mu abin da muka sani ke nan, kuma tsoron na gaske ne.

Tun da kaka, lokacin rijiya na da albarka, Inna ta binne manyan randunan da ta sayo a Illo har wuya cikin ɗakin ajiya. Kullum ta ɗebo na gida, ta ƙara tulu guda don randa. Wadda ta cika ta kifa mata kasko, ta liƙe baki da laka kamar rumbu. Da ruwa ya fara ja baya, daga nata rabon take ragewa. Na sha ganin ta kurkure baki ta haɗiye, ta ce ta ƙoshi.

To, ga wana. Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta tsawata masa. Kunya ce irin ta da, shi kuwa ya maishe ta gonarsa. Babanmu ya rasu, wai shi ne maigida. Noma ya gagare shi. Ya taɓa kai goro tsallaken iyaka, ya dawo ba goro ba jaki, sai labari. Da siyasa ta zo ya samu sana'ar da ta dace da shi, wato tsayuwa bayan manya yana gyaɗa kai. Ya maƙala baji a ƙirji, ya sa tabarau, ga biro a aljihu, mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba.

Shi kaɗai ke wanka sau biyu a gidan, da sabulu mai ƙamshi na Dahome, ruwan ya bi rariya kowa na kallo. In ya wuce ɗakin ajiya sai ya taɓe baki, wai zamanin tulu da randa ya ƙare, Turawa sun tafi, famfo na tafe har cikin ɗaki. Ya san sarai ruwan mene ne a ciki. A gabansa aka liƙe su.

Rannan aka ce wani ɗan majalisa zai biyo ta garinmu. Inna na bakin rijiya, ni kuma na shiga maƙwabta a yi mini kitson haihuwa. Baƙon ya iso cikin mota ƙirar jif, ta yi jajawur da ƙurar hanya, aka tsaya ƙofar gidanmu don wana ya fi kowa rawar jiki. Daga baya na ji cewa direba ruwa ƙoƙo guda kawai ya roƙa na zubawa a lagireton mota. Sai sakaran ya ce motar babban baƙo ba za ta bar ƙofarsa da datti ba, ya kira samarin jam'iyya, ya fasa lakar bakin randunan da hannunsa.

Ƙarar kwarar ruwa na ji, abin da ba a ji a garinmu sai da damina. Na fito da rabin kitso. Ƙofar gida ta zama fadama, awaki na lasar taɓo, yara na tsalle a ciki. Ga wana ya naɗe hannun riga yana goge ƙafar mota da tsumma, yana haki. Wallahi ranar na fara ganin gumi a goshinsa. Babban baƙo na gindin tsamiya yana shan fura, ya yi alkawarin rijiyar siminti kafin damina, aka yi tafi. Motar ta tashi tana walƙiya, kafin ta wuce gonakin bayan gari ƙura ta maido ta yadda ta zo.

Inna ta dawo da rabin tulu. Ta sauke, ta leƙa ɗakin ajiya, ta daɗe a ciki. Ni na buɗe baki zan wanke wana tas, ta dafa mini kafaɗa.

"Yayanki ne," ta ce. "Shiga inuwa, rana ba ta yi maki kyau."

Shi kuwa har da yi mana bayani, wai mata ba su da hangen nesa, ruwan randa ya saya wa gari rijiya.

Ba a jima ba na haifi 'ya mace. Rijiya ba ta isa ko sha ba, sai Inna ta koma ɗibar ruwa a fadama, can wajen gulbi. Ta fita bayan sallar asuba, ta dawo rana ta take, tulu a ka, wuyanta na rawa. Ta hura wuta, ta gasa ni, ta dama mini kunun kanwa, gobe ta sake. Na roƙe ta a rage wankan ya koma sau ɗaya, ta ce ba a gidanta ba. Wana na da keken da jam'iyya ta ba shi, wanda zai ɗauki garwa biyu ba tare da ya ji ba. Na aika masa, ya ce keken aikin ƙasa ne, kuma mai baji ba ya bin mata rafi. Ranar suna dai shi ya fi kowa babbar riga.

Wankan bai kai rabi ba, rannan har rana ta fara gocewa ba Inna. Wajen azahar Fulani makiyaya suka kawo ta a kan jaki. Ta zame a hawan tudu, tulu ya fashe, ƙugunta ya goce. Ana sauke ta, abin da ta fara tambaya shi ne ko an ɗora mini ruwa. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma daga ranar ba ta ƙara tafiya ba sai da sanda, ba ta ƙara ganin bakin rijiya ba. Matan unguwa suka ƙarasa mini arba'in, wannan ta kawo ƙoƙo, waccan ludayi biyu, daga bakin 'ya'yansu. Rijiyar siminti kuwa har na bar garin ko tsinke ba a kafa ba.

Washegarin faɗuwar, maza suka zo gaishe ta, aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Wana na tsakiya yana amsa gaisuwa, yana girgiza kai, wai ƙaddara ce. La'asar ta yi, kowa ya tashi zai nufi gida ya yi alwala, don ba mai cin ruwan gidan mai jego. Shi ko ya miƙo mini buta ko kallona bai yi ba.

Tulu na gefena, da ɗan abin da maƙwabta suka tara. Na tashi da ƙyar, na ɗauko faffaɗan dutsen da muke taimama da shi in ruwa ya yanke, na dire masa a gaba. Maza suka tsaya cak. Daga cikin ɗaki Inna ta ɗaga murya, muryar da ciwo ya cinye.

"Ke, zuba mashi."

Ban taɓa ƙin maganarta ba sai ranar.

"Inna, wanga ruwa na mutane ne," na ce. "Nashi na can jikin mota, shi bi ta Bagudo shi amso."

Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya ce in bari. Ya dubi mazan ɗaya bayan ɗaya yana jiran mai cewa ya zo gidansa ya yi alwala, kowa ya sunkuyar da kai yana neman takalmi. Ya cire tabarau, ya durƙusa, ya buga tafukansa a kan dutsen. Ni kuma na ɗauki tulun na shiga da shi wurin Inna, na ɗaga kanta na ba ta ta sha.