Goggo Leisongi Ta Sauke Jakar Magani

Kafin rana ta ɗago daga teku, Goggo Leisongi ta riga ta zaga rabin ƙauyen, jakar magani a kafaɗa, sanda a hannu. Ɓawon kwakwa ta kife shi, kada ya tara ruwa sauro ya hayayyafa. Kwalekwalen da ruwan sama ya kwanta a ciki ta sa mai shi ya juye. Tankin da aka bari a buɗe kuwa tsayawa take a kansa tana ƙwala wa matar gida kira. Sai ta gama wannan take buɗe ɗakin shan maganin da ke bayan coci. A haka ta yi furfura a wannan ɗan tsibiri namu na Vanuatu, kuma a watan nan take ajiye aiki.

Ba aiki ba ne da ake tafa wa mutum. An ce mata sarkin sa-ido, an ce ta tsani sauro fiye da Shaiɗan. Wanda ya fi kowa ja da ita shi ne Kalmet, ƙanin mijinta. Wata safiya ta same shi a bakin ruwa yana jan ƙananan kifi da gidan sauron da ta raba.

"Kalmet, wannan tarun naka kamar na san shi."

"Haba matar yaya! Sauro bai taɓa kashe kowa a gidana ba, yunwa kuwa ta kusa."

"To surukarka Tousei mai tsohon ciki, da me za ta kwana? Da ƙashin kifi?"

Ya yi dariya ya ci gaba da jansa. Ita kuwa ta koma gida ta kwance nata gidan sauron ta kai wa Tousei.

Ba a jima ba guguwa ta faɗo mana. Ta yaye rufi, ta kwashe kaya, ta bar kududdufi a kowane lungu, sauro ya yi ta ƙyanƙyasa. Zazzaɓi ya kwantar da gida-gida. Goggo ta bi su tana huda yatsa don gwajin jini, tana ba da magani. Da ta iso kan Tousei, jiki kamar garwashi, ko ruwa ba ya zama a cikinta, ta san wannan ya fi ƙarfin jakarta. Waya ta mutu, jirgin injin ƙauye ya farfashe a kan duwatsu.

"Ɗauko filafilinka," ta ce wa Kalmet. "Yau za mu ga ƙarfin da kifi ya ba ka."

Waɗanda suka tsaya a gaɓa sun ga kwalekwalen yana hawa igiyar ruwa yana sauka, Kalmet da ɗansa suna tuƙi, Goggo ta rungume kan yarinyar tana ɗiga mata ruwan kwakwa. Sun kai asibitin babban tsibiri rana tsaka. Tousei ta tashi, ta kuma haifi 'ya mace lafiya. Tun daga nan, duk yammar da maza suka zauna shan kava, abin shanmu na gargajiya, Kalmet ne mai hana kowa sakat da zancen gidan sauro.

Goggo, ke ce kika koya wa iyaye mata cewa zafin jikin yaro ba abin jira ba ne, a kawo shi a gwada tun ranar. Ke ce uwar da ba ta gajiya da faɗa. Yaran da ke tsere a filin makaranta yau ba su san irin jana'izar da muka riƙa yi a damina ba, kuma hakan ma ladanki ne.

A wurin walimar sallama, an shimfiɗa mata tabarmi, an buɗe laplap mai zafi, abincinmu na doya da madarar kwakwa, sarkin ƙauye ya tambaye ta me take so a yi mata.

"Ku bar ni in je gonar doyata," ta ce, "in kuma yi barcin rana kamar kowa."

Mun gode, Goggo. Wannan kam ba ya fin ƙarfinmu, in kowa ya kula da ƙofar gidansa da ta maƙwabcinsa. Je ki gonarki. Mun karɓe ki.