Dariyar Baba Mai Ɗori a Wayoyin Mutane

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isyaku mai ɗori na unguwar Sabo a Ibadan, amma har yau muryarsa ba ta daina riskata ba. Wani lokaci a cikin keke, daga wayar fasinjan da ke gefena. Wani lokaci a layin masu goro. Sai in ji dariyarsa ta tashi, gabana ya faɗi, in waiga kamar zan gan shi.

Baba gadon ɗori ya yi. Duk wanda okada, wato acaɓa, ta kayar tsakanin Mokola da Ojoo, Bahaushe ko Bayarabe, zaurenmu ake kawo shi. Ya yi bismilla, ya shafa man shanu, ya ja mutum da hira, kafin ka ankara ƙashi ya koma mazauninsa.

Wata shekara wasu samari masu shirya fim suka sauka a unguwarmu. Aron zauren suka zo yi, saboda saiwoyi da ƙoren magani da ke jere a ciki. Da daraktan ya ji kaurin muryar Baba, sai ya nace shi zai fito a mai maganin. Baba ya ce, "In dai za a nuna wa duniya ɗori ilimi ne, na yarda." Gutsure-gutsure aka riƙa ɗauka: yau ya yi daka a turmi, gobe ya sakaya ƙofa. Dariyar nan ma, mai kyamara ne ya ba shi labarin raha. Ba wanda ya warware masa labarin daga farko zuwa ƙarshe, shi kuma bai tambaya ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Hawan jini ya tafi da shi kafin fim ya fito. Bayan Umma, mahaifiyarmu, ta fita takaba muka taru a falo, muna ɗokin sake ganinsa. Sai ga Baba a matsayin boka mai ɓatar da majinyata, abin da yake dakawa kuwa aka nuna ƙashin mutum ne. Umma ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan rigar ni na wanke masa ita." Ta tashi ta shige ɗaki.

Fim ya karɓu, mu kuma ya karya mu. Yayana Sani, wanda ya gaji sana'ar, ya ga ƙafa ta ɗauke daga zauren, har ya rufe shi ya koma sayar da albasa a kasuwar Shasha. Daraktan ya bugo waya ya ba da haƙuri, kuma na yarda har zuciyarsa ne. Sai dai magana zarar bunu ce.

Nakan tambayi kaina, da Baba zai leƙo yau ya ga yara sun yanko dariyarsa suna liƙawa a bidiyon barkwanci, me zai ce? Ina jin da farko zai taya su, don mutum ne mai raha. Sai ya iso ƙofar zaurensa ya ga kwaɗo, nan ne dariyar za ta yanke.

Bana 'yata Hafsa, wadda aka haifa bayan rasuwarsa, ta dawo daga Islamiyya tana kuka. "Mama, wai da gaske Kaka yana cin mutane?"

Na kama hannunta muka tafi tashar Ojoo, wurin wani tsohon direba, Baba Kunle. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya naɗe ƙafar wandonsa. "Taɓa nan, yarinya. Raga-raga ta yi. Kakanki ya haɗa ta, da ita nake zuwa Kano in dawo."

Hafsa ta taɓa, ta daina kuka. Muna hanyar gida ta ce, "Mama, to in shi ma ya mutu, wa zai nuna wa mutane?"

Masu shaidar Baba tsufa suke yi, fim kuwa ba ya tsufa. Abin da ya rage mini shi ne in faɗa da bakina tun ina da rai: mutumin nan karaya ya yi ta gyarawa, bai taɓa cutar da kowa ba. Allah Ya san haka, kuma a gabanSa yake. Allah Ya jiƙanka, Baba.