Tulun da Ya Yi Kuka a Kiyawa

Mun tashi da asuba daga Dutse, ni kuwa na tashi da laifi a ciki. Cikin tuluna goma da na gina, ɗaya ya tsage wajen gashi, sai na shafe tsagar da laka da toka, na ja bakina. Kawuna ya riga ya ce in kayana suka karɓu a kasuwar Kiyawa zan ci gaba da gini, in ba haka ba sai kiwon awaki.

Kawu tsohon saje ne. Da ya dawo daga yaƙin Kamaru ya koma ginin tukwane, amma sojan bai fita daga jikinsa ba. In ya daka tsawa har giginya ƙamewa take. Da can rabin kaya kan fashe a hanya. Yanzu kowane tulu kwance yake cikin ƙaiƙayi, jakuna a jere, mutum ɗaya a gaba yana duba ramuka.

Yashi ya cinye mana ƙafafu. A wata ruga muka ba da dabino aka dama mana fura da nono. Kawu ya ce shugaba shi ke sha a ƙarshe. Na sha sau biyu don in rage masa aiki.

Mun isa da azahar, muka tarar ana sayar da ƙosai biyar anini, kowanne kamar kan jariri. Zanen da na yi a wuyan tulunana ya tara matan kasuwa. Wata tsohuwa ta tsallake tara, ta ɗauki mai tsagar nan, ta zuba ruwa. Ya fara ɗiga.

Ta ce, "Saje, tulun naka kuka yake, ko dukansa ka yi?"

Kawu ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Laifina ne, Inna, ni ne ban duba ba. Zaɓi wani." Ya fasa shi a gaban kowa, ya sa aka gwada sauran da ruwa, ba wanda ya ɗiga. Ganin haka mata suka yi ca, kafin magariba ba ko ɗaya da ya rage.

Washegari a hanyar gida ya matso kusa da ni, ya ce, "Yaro, soja ba ya ɓoye wa sajensa rauni." Nan na gane shugaba yakan shanye kunyar mutanensa a kasuwa, gyara kuwa sai an koma gida.

Ya bar ni a gini. Amma wata guda cur ni na kwaɓa wa kowa laka.