Hayaƙi a Rijiyar Mandawari

Shekarun baya, tun ban ajiye wannan tumbin da kuke gani a hoto ba, sana'ata yasar rijiya ce. Ni da yayana muke yi. Shi ya koya mini, shi kuma a wurin mahaifinmu ya gada, can ƙauyenmu kudu da Kano. Mu Hausawa ne gaba da baya, kuma Kiristoci ne tun kakanninmu, abin da wasu a cikin birni ba su ma san akwai shi ba. Mu ma ba ma tallarsa. Ba mu taɓa yi wa kowa ƙarya ba, amma da an kira azahar sai ka ga mun tuna za mu sayo abinci a bakin titi. Addu'ar da muke yi kafin shiga rijiya kuwa a zuci take, ko leɓe ba ma motsawa.

Wata bazara aka kira mu wani tsohon gida a Mandawari, can cikin lungun da mutum biyu ba sa jerawa. Maigidan wani dattijon Alhaji ne mai sanyin magana. Ruwan rijiyarsu ya yi wari, ga shi washegari sunan jikarsa, mata za su cika gidan. Ya roƙe mu mu gama kafin la'asar, ni kuma da saurin bakina na ce kafin azahar ma an gama.

Rijiyar irin ta mutanen da ce, zurfi kamar ba ta da ƙarshe. Muka tayar da injin jan ruwa a bakinta, tiyo ya ƙi kaiwa. Yayana ya ce in jira shi, zai je Ƙofar Ruwa ya samo dogo. Yana fita wayo ya motsa mini. Na ɗaure injin da igiya, na zura shi har tsakiyar rijiyar yana aiki, abin da aka hana mu tun muna koyo, domin hayaƙin fetur ba ya fitowa, kwanciya yake a ƙasa. Na san da haka sarai. So nake ya dawo ya tarar ƙaninsa ya gama aiki, ya yaba mini.

Ruwa ya janye, na jawo injin sama na goge shi, amma kan tiyon ya maƙale a laka can ƙasa. Da yayana ya dawo na ce masa ai daga sama injin ya daure ya ja. Ya dube ni, ya dubi rijiyar. Ƙa'idarmu ita ce kafin a shiga sai an zura kyandir a ga ko zai mutu, sannan a buɗe laima a yi ta zura ta ana jawowa don iska ta sauya. Ya tambaye ni ko na yi. Na ce na yi.

Ina ɗaura igiya a ƙuguna ya miƙo hannu ya karɓe, wai ni ba ni da sauri. Ya sauka. Ina jin takunsa a jikin rijiyar har ya dira. Ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaura wa kan tiyon, kamar yadda muka saba, ya ce in ja. Na ja, tiyo ya taho. Na ce masa ga igiya nan ta dawo, ya kama. Ban ji amsa ba.

Na kira shi sau uku. Na haska fitilar wayata, sai na hango shi zaune cikin laka, kansa ya langaɓe a jikin bango.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga tsakar gidan ta cika. Na sa ƙafa zan faɗa haka nan, Alhaji ya riƙe ni da wani ƙarfi da ban zata a jikin tsoho ba. Ya ce ya taɓa ganin mutum uku sun bi juna a rijiya ɗaya, ba wanda ya fito da ransa, ba zai bari a yi haka a gidansa ba. Wani ya kira 'yan kwana-kwana, aka ce suna tafe, amma kowa ya san motarsu ba za ta shiga lungun nan ba. Ni kuwa na san abin da ba wanda ya sani a wurin: na san abin da yayana yake shaƙa, na kuma san kowane numfashi rage masa kwana yake.

Hajiya, uwargidan Alhaji, ita ta tsoma ɗankwalinta a randa ta ɗaure mini hanci da baki. Aka ɗaura mini igiya, maza biyar na maƙwabta suka riƙe. Alhaji ya ce zai ƙirga zuwa sittin, in ya kai za su jawo ni, ko na ɗauko shi ko ban ɗauko ba.

Tun ban kai ƙasa ba kaina ya fara sarawa. Na laluba na zura masa igiya ta biyu a ƙarƙashin hammata, yatsuna suka ƙi ɗaurewa, kamar na wani ne aka ara mini. Ina jin muryar Alhaji daga sama ta kai arba'in da wani abu. Ban san irin ƙullin da na yi ba. Na dai ji an fizge ni, sai ganina na yi kwance a ƙasa ina amai, ana jawo shi a bayana.

Aka shimfiɗe shi a tsakar gida. Aka yayyafa ruwa, aka yi fifita, aka jijjiga shi. Wani maƙwabci da ya ce ya taɓa aiki a kemis ya kara kunne a ƙirjinsa, ya daɗe, sannan ya ɗago ya yi salati a hankali. Mata suka ɗauka. Na ga wata ta nufo mu da zani a hannu.

A nan tsoron mutane ya fita daga raina. Na rarrafa na durƙusa a kansa, na ɗora hannu biyu a ƙirjinsa, na buɗe murya.

"Ya Yesu, ni na yi laifin, ba shi ba. Ni na yi ƙarya. Kada ka ɗauke shi a kan ƙaryata. Ka mayar masa da numfashi, cikin sunanka nake roƙo."

Salatin ya katse. Mai zanin ta tsaya cak. Na ji wani a bayana ya ce ashe ba Musulmi ba ne, wani kuma ya yi gyaran murya. Ban ɗago ba, amma ina jin idanuwa a bayan wuyana. Sai muryar Hajiya ta ratso.

"Ku ba shi wuri. Ci gaba, ɗan nan, roƙi Ubangijinka."

Na ci gaba. Kalmomi suka ƙare mini, sunan kawai nake maimaitawa, ina danna ƙirjinsa ina kuka, majina har baki. Ita kuma tana gefe tana jan carbinta. Ban san tsawon lokacin ba. Abin da na sani, ƙirjin da ke kwance shiru a ƙarƙashin tafina ya yi wani irin tsalle, yayana ya ja numfashi mai ƙara kamar an buɗe tsohuwar ƙofa, ya soma tari.

A baro aka tura shi zuwa bakin titi, mutumin da ya ce ashe ba Musulmi ba ne yana riƙe da ƙafafunsa kada su ja ƙasa. Alhaji ya shiga a-daidaita-sahu tare da mu da jallabiyarsa duk laka. Kwanan yayana tara a asibiti. Likita ya ce mai yiwuwa dannar ƙirjin ce ta taimaka, ban yi masa musu ba. Ni dai na san ban taɓa koyon danna ƙirji ba, ban kuma san ina yi ba.

Yayana ya tashi, amma maganarsa ta yi nauyi, hannunsa na dama yana rawa har yau. Bai sake shiga rijiya ba. Na ba da shaidar nan a coci ban san adadi ba, ana tafi ana yabon Ubangiji, kullum kuma ina tsallake zancen injin da kyandir. A gaban baƙi na faɗi laifina da baki, amma na kasa faɗa wa mai shi. Sai bayan shekara huɗu, muna ɓarar gyaɗa a ƙofar gidansa, na daure na gaya masa komai.

Bai daina ɓarar ba. Ya ce, da maganar nan tasa mai jan lokaci, "Na sani. Tun daga soro na ji warin hayaƙin. Na san halinka, in na ce a jira, sai ka faki idona ka shiga don kada asirinka ya tonu. Na ɗauka zan fito kafin hayaƙin ya kama ni."

Mutane kan tambaye ni ko na gaskata da mu'ujiza. Na gaskata, na ji ta da tafin hannuna. Na kuma koyi cewa Allah bai jira na zama mutumin kirki ba kafin ya amsa mini, maƙaryaci ne ya roƙe shi ranar. Amma in faɗa muku gaskiya, ba numfashin nan ne yake sa ni kuka ba yanzu. Duk ranar Lahadi ni nake ɓalla wa yayana maɓallan rigarsa kafin mu tafi sujada, saboda hannun ba ya iyawa, kuma bai taɓa barina na gama ba tare da ya ce mini na gode ba.