Ƙofar Jirginmu a Kan Rumbun Gobir

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da abokin tafiyata, da wani murfin kwano da na ƙera na cusa cikin buhu. Ga wanda bai san abin da ya fitar da mu ba, akwai wani tsohon jirgin sama mai farfela da ya yi jigilar alhazai a zamanin iyayenmu, daga baya aka yasar da shi har awaki suka mai da ƙarƙashin fiffikensa wurin shan inuwa. Mu 'yan kaɗan muka ɗora wa kanmu gyaransa, ba don ya sake tashi ba, sai don jikokinmu su shiga su ga abin da ya kai kakanninsu Makka. Babu mai biyanmu. Akwai tela, akwai kafinta, akwai malamin makaranta mai ritaya, ni kuma sana'ata gyaran jikin mota. Mun toshe ramuka da dama, saura ɗaya da ya tsone mini ido: gurbin 'yar ƙofar gaggawa ta saman fiffiken hagu, mai taga a tsakiya, wadda 'yan gwangwan suka ɓalle tun tuni. Wani direban babbar mota ya rantse mini ya ga irinta a ƙasar Gobir, inda akan rufe bakin rumbu da irin wannan ƙarfe, shi ya sa na ƙera murfin nan don musanya. Ni na jiyo labarin, ni na matsa aka yi tafiyar, kuma ba na ɓoyewa, so nake a ce ni na dawo da ita.

Abokin tafiyar nawa bakanike ne, shi ke kula da injinan jirgin. Bayarabe ne haihuwar Sakkwato, Hausarsa ta fi tawa gishiri, amma tsagen da ke kumatunsa ba ya barin a manta da asalinsa. Na ɗauka zai riƙa mini kaya ne kawai. Na manta inda muka dosa, na manta da wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa.

Daga Marnona muka karkata muka ratsa dajin Gundumi. Damina ta biyu ke nan tana gardama, kuma hanya ba ta ɓoye hakan ba. Gonaki sun tsaya da karan da bai kai gwiwa ba, Fulani na sassabo ganyen bishiya suna jefa wa shanun da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga cikin mota. Wata mata kusa da ni ta faɗi kuɗin tiyar gero a kasuwarsu, sai direba ya ce ta daina, tana sa masa sitiyari rawa.

A tashar Isa aka fara yi mini abin. Mai shayi ya ɗaga kai ya ga kumatun abokina, ya saki ludayi ya ce, "Kai jama'a, ga bawana ya ɓato! Wa yab ba ka izni ka shigo Gobir ba ka tuɓe takalma ba?" Shi kuwa ya ce ya zo duba bayin kakansa ne, ya ga ko suna wanka. Aka kwashe da dariya, aka ja shi kan benci, aka cika masa kofi har yana zuba, ga burodi da ƙwai. Ni aka ce mini, "Sannu da zuwa, Malam," aka miƙo mini nawa cikin ladabi. Na sha, amma bai yi mini daɗi ba.

Muka gangara kasuwar Bafarawa, rumfar masu zubin tukwane, domin wurinsu tarkacen jirgi ke ƙarewa. Gabana ya faɗi da na ga tulin ƙarfen da ke jiran wuta. Na fito da zanen ƙofar, na yi bayani dalla-dalla, suka saurare ni kamar mai wa'azi, suka ce Allah ya sa a dace. Abokina ya ɗauki wata tukunya ya ƙwanƙwasa, ya ce ko kaza ba za ta yarda a dafa ta a ciki ba. Nan take wani dattijo a cikinsu ya biyo shi da sanda yana dariya, kuma a bakin wannan dattijon muka ji cewa ƙofar ta taɓa zuwa rumfarsu, wani Alhaji daga arewacin Sabon Birni ya saye ta kafin a narka. Tambaya tawa, amsa tasa.

Mun kwana a Sabon Birni. Gulbi ya janye ya bar rairayi, mata na tona ramuka a tsakiyarsa suna kwalfar ruwa da ƙoƙo. Mun ci tuwon dawa da miyar kuka wadda ba ta ga nama ba, da safe muka hau kabu-kabu muka yi wajen Burkusuma. A hanya muka riƙa gamuwa da mutanen Nijar da jakunansu, buhuna a ninke babu komai, sun gangaro neman hatsi wurin waɗanda su ma nema suke. Sunan ƙauyen da muka sauka ba za shi fito daga bakina ba.

Tun daga bakin gari na hango ta. Wani ƙaton rumbun ƙasa ne, irin wanda suke kira rihewa, ya fi katangar gidan tsawo, a kan bakinsa kuma ga ƙofarmu a kwance tana ƙyalli. Ga koren layin nan da ya ratsa jikin jirginmu, ga jerin ƙusoshin da na san tazararsu kamar yatsun hannuna. Sai da ƙwalla ta cika mini ido. Abu ɗaya ya ɓata mini rai: an shafe gilashin tagar da laka. Na ce a zuciyata, dubi yadda ake wulaƙanta abu mai daraja.

Alhajin dogon tsoho ne mai tsagen Gobir har kunne. Ya shimfiɗa mana tabarma a gindin rumbun, aka kawo fura mai ruwa-ruwa, kafin mu sha rabi gari ya taru. Ya ce a jirgin nan ya tafi Makka, kusa da wannan ƙofa ya zauna, ta tagarta ya ga teku. Da ya gan ta a kasuwa za a narka, ya ji kamar za a yanka abokinsa. Na ƙarar da ƙarfina a jikin jirgin nan, amma ƙafata ba ta taɓa barin ƙasa ba. Wani maƙwabcinsa ya raɗa mini cewa rumbun nan shi ne ƙarfin zuciyar garin. Na ajiya ne, ba a taɓa shi sai wuya ta kai wuya, kuma muddin yana rufe, sun san yunwa ba ta gama shigowa ba. Wasu ma don shi suka fasa tafiya cin rani da iyalansu.

Na faɗi buƙatarmu, na zare murfin da na ƙera na ajiye a gabansa. Ya shafa shi, ya yaba aikin, ya ce, "Malam, ku yi haƙuri hal a yi ruwa." Da ina da wayo da na tsaya nan. Amma na ga ƙofa, idona ya rufe. Na ce murfina ya fi hana ruwa da ɓera, na ce ba za mu ɗauki lokaci ba, samari su hau su taya mu saukewa, a ɗora sabo, shi ke nan. Sai samarin suka fara miƙewa, wani ya jawo tsani. Wata tsohuwa daga bayan taro ta ce, "Alhaji, bari a buɗe, mu ma mu ga albarka, ranmu shi yi sanyi." Na dubi Alhaji ina murna, na ga yana jan carbi da sauri.

Ban ankara ba abokina ya ture samarin ya kama tsanin. Ya ce rumbun bawansa nasa ne, babu Bagobirin da zai riga shi hawa. Baƙo ba ya hawa rumbun mutum, ko ɗan gida sai da izini, amma abokin wasa wa zai hana shi? Ya hau ana yi masa ihu. Ina kallonsa ya kankare lakar tagar da babban yatsa, ya kifa fuska ya leƙa. Ya ɗan jima a haka. Sannan ya tofa yawu a tafinsa, ya murza lakar ya mayar inda take, ya sauko yana kakkaɓe riga.

"Mun yi asarar tahiya," in ji shi. "Wagga ba ta jirginmu ba ta, ƙohwar tsohuwar sahwa ta, an cuci tsoho. Amma ku Gobirawa kun iya rowa! Gero har baki, kuna ba baƙi hura awa ruwan wanki."

Dariyar da aka yi ba ta wasa kaɗai ba ce, na ga tsohuwar nan ta ɗaga hannu sama. Ni kuwa jinina ya tafasa. Safa? Ni za a gaya wa ƙofar mota? Na buɗe baki, ya taka mini ƙafa da dukan nauyinsa. Alhaji ya tashi ya kai masa dukan wasa da carbi yana cewa ɓarawon Bayarabe, ya zo leƙen asirin iyayen gidansa. Da za mu tafi ya rako mu har bayan gari. Ni ya ba ni hannu ya ce Allah ya kiyaye hanya. Abokina kuwa, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba, kuma babu zagi ko ɗaya a bakinsa.

Ina ta fushi da abokina har muka wuce Unguwar Lalle a motar dawowa. Can ya matso ya ce mini a hankali, "Tamu ta. Amma babu komi ciki, sai dami guda da kashin jemage." Ashe tsohon ya daɗe yana fitar da hatsin ta wata kafa da ke cikin gida, yana aika wa gidajen da wuta ta daina tashi, kowane gida na zaton shi kaɗai aka ba. Abin ya ƙare, saura murfin da sunan. Lakar da na raina, ita ce ke riƙe da garin.

Na so in ji sanyi a raina, kuma na ji kaɗan. Amma gaskiya abin da ya fi yawa haushi ne. Ni Bahaushe, ɗan ƙasa, na zauna gaban tsoho ina kallon fuskarsa ban karanta komai ba, na kusa tsiraita shi a gaban mutanensa saboda ƙarfe. Wanda aka yi ta kira bawa tun daga Isa, shi ya gani, shi aka riƙe wa hannu. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na yi masa dakon takin tun daga Sakkwato har iyaka.

Mun iso gida da la'asar, muka zarce wurin jirgin, inda abokan aiki ke jira. Suka leƙa bayanmu ba su ga kaya ba. Muka gaya musu abin da ya faru, tela ya ce da shi ne da ya san yadda zai lallaɓo ta, malamin makaranta ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kowa ya kama bakinsa da sunan garin. Sannan suka kewaye abokina suna sa masa albarka, ni aka ce in nemi fallen ƙarfe in toshe gurbin.

Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa. Ido na iya gane abinsa daga nesa, ya kasa ganin mutumin da ke zaune kusa da shi. Na yanka falle, na buga, na ja koren layin ya haɗu da na jikin jirgi, har wanda bai sani ba zai rantse ta asali ce. Taga ce kawai ban yi mata ba. Ta gaskiyar tana can Gobir a kan rumbun da babu komai, kuma har yau ba a yi ruwa ba.